Motar Da Ba Ta Da Direba: Ina Ruwan Ɗan Kasuwar Aflao Da Paga?

Kwanakin baya, a wani shiri da nake gabatarwa da safe a gidan rediyonmu, wani dattijo mai fataucin albasa ya bugo waya yana tambaya, wai shin gaskiya ne abin da jikansa ya nuna masa a waya, wato wata mota da ke yawo da fasinja a Amurka alhali babu kowa a kujerar direba? Na ce masa gaskiya ne, Baba. Sai ya ce to in haka ne a kawo mana ita hanyar Kumasi zuwa Tamale, ko ma huta da zuwa jana'iza. An yi dariya a ɗakin watsa shirin, amma da na koma gida Kotobabi sai na ga maganar ta wuce ta dariya, domin kuwa duk wanda abincinsa ke kan hanya, daga mai saro tumatir a Paga zuwa mai kai atamfa Aflao, ya san gawa nawa hanyar nan ta mayar mana gida.

Idan mai karatu bai manta ba, ranar 17 ga watan Fabrairun 2016 wata bas ta Metro Mass da ta nufi Tamale ta yi taho-mu-gama da wata babbar mota mai ɗauke da tumatir a kusa da Kintampo, inda sama da mutum 50 suka rasu. Shekara uku bayan haka, ranar 22 ga Maris na 2019, a Amoma Nkwanta da ke kan hanyar Kintampo zuwa Techiman, wasu manyan bas guda biyu suka gwabza da tsakar dare, ɗaya ta kama wuta, nan ma sama da mutum 50 suka tafi, wasu ko gane su ba a iya yi ba. A watan Janairun 2020 kuma aka rasa mutum 34 a Dompoase, kan hanyar Cape Coast zuwa Takoradi, wadda ita ce ke kai mutum iyakar Elubo. Allah Ya jiƙansu. Waɗannan su ne suka shiga kanun labarai. Sauran kuwa, ɗaiɗai da bibbiyu suke tafiya kullum, ba mai jin labarinsu sai danginsu.

Alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wato NRSA, sun nuna cewa mutum 2,494 ne suka mutu a hanyoyin Ghana a shekarar 2024, a 2021 kuwa adadin ya kusa kai 3,000. To amma ko wannan ma da sauran magana a kansa. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2018, ta ƙiyasta cewa waɗanda hanya ta kashe a Ghana a 2016 sun haura 7,000, a lokacin da lissafin gida ke maganar kimanin 2,000. Ƙiyasi ne, ba ƙirge ba, amma duk wanda ya zauna a Zango ya san inda giɓin yake. Yaron da okada ya buge a lungu, aka sasanta tsakanin iyaye da mai babur a gaban mai unguwa, ya cika bayan mako biyu a gida, wannan ba zai taɓa shiga littafin 'yan sanda ba. A duniya baki ɗaya, hukumar ta ce mutum miliyan 1.19 ne suka mutu a hanya a 2021, kuma yankin Afirka, wanda bai mallaki fiye da kashi 3 cikin 100 na motocin duniya ba, shi ke da kusan kashi ɗaya bisa biyar na gawarwakin.

Da wannan ne masu ƙera motar da ke tuƙa kanta suke kafa hujja. Suna cewa kwamfuta ba ta gyangyaɗi, ba ta shan giya ko taramol, ba ta amsa waya, ba ta kuma fushi don wani ya sha gabanta. Kuma maganar tasu ba iska ba ce kawai. Kamfanin Waymo, wanda ya samo asali daga wani aiki da Google ya fara a 2009, ya buɗe wa jama'a tasi marar direba a birnin Phoenix a watan Oktoban 2020, daga baya ya shiga San Francisco da Los Angeles, kuma zuwa watan Afrilun 2025 yana ɗaukar fasinja sau 250,000 a kowane mako. Wani bincike da ya yi tare da kamfanin inshora na Swiss Re, wanda aka fitar a Disambar 2024, ya duba tafiyar mil miliyan 25.3, ya ce neman diyyar rauni ya ragu da kashi 92 cikin 100 idan aka kwatanta da motocin da mutane ke tuƙawa. A China ma kamfanin Baidu ya zuba irin waɗannan tasi a birnin Wuhan, har direbobin tasi na garin suka yi ta kukan an taɓa musu abinci a 2024. A watan Mayun 2025 kuma kamfanin Aurora ya sanar da fara jigilar kaya da tirela marar direba tsakanin Dallas da Houston a jihar Texas. Wannan na ƙarshen shi ya fi shafar ɗan kasuwa.

Sai dai kafin a tafa, ya kamata a san yadda abin yake aiki. Motar tana kallon hanya ne da kyamarori da rada da wata na'ura mai harba hasken leza don auna nisan abin da ke gabanta, sa'annan kwamfutar da ke cikinta ta yanke hukunci a kan ko mutum ne, ko keke, ko mota, da kuma inda abin zai nufa nan da daƙiƙa biyu ko uku. Ba ta san komai ba sai abin da aka koya mata da miliyoyin hotuna. Bugu da ƙari, kafin Waymo ya sa mota a wata unguwa, sai ya zana taswirar kowane titi daki-daki, har da layin fenti da gefen kwalbati da wurin da danja take, kuma akwai ma'aikata zaune a ofis da motar ke neman shawararsu idan ta rikice.

Abin da ya faru a garin Tempe na jihar Arizona ranar 18 ga Maris na 2018 shi ne ya kamata kowane mazaunin Nima ya sani. Wata mata ce ke tsallaka titi da dare tana tura kekenta, ba a wurin da aka zana don tsallakawa ba, sai motar gwaji ta kamfanin Uber ta buge ta ta mutu. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta gano cewa motar ta hango ta tun saura daƙiƙa 5.6, amma ta yi ta canza ra'ayi, yanzu ta ce mota ce, anjima ta ce keke ne, anjima ta ce wani abu ne da ba ta sani ba, saboda ba a gina ta da tunanin cewa mutum zai iya ratsa titi a inda ba a zana masa ba. An kuma kashe birkin gaggawa na ainihi da motar ta zo da shi daga masana'anta, ita kuwa ma'aikaciyar da aka zaunar don sa ido tana kallon wani shiri a wayarta.

To jama'a, a ɗauko wannan mota a ajiye ta a babban titin Nima ranar Laraba, ranar kasuwa. Torotoro ya tsaya a tsakiyar hanya yana lodi, yaron mota na lilo a ƙofa yana kiran Circle, fasinja a gefen titi na juya yatsa don ya nuna inda za shi, okada ya fito ta hagu, aboboya ta fito ta dama da buhunan gawayi, 'yan kaya mata na ratsawa da kwanoni a ka da goyo a baya, in kuma Layya ta gabato ga raguna. Direban Akra da ido da hannu da hon yake tuƙi. Yakan dubi fuskar mai tsallakawa ya gane ko zai tsaya ko zai ruga. Wannan yare ne da ba a rubuta shi a ko'ina ba, balle a koya wa kwamfuta. Wasu masu bincike na jami'ar King's College da ke Landan sun gwada manhajojin gane masu tafiya a ƙasa a 2023, suka tarar sun fi kuskuren gane yara da kimanin kashi 20 cikin 100 a kan manya. Kafin su, a 2019, wasu a jami'ar Georgia Tech sun ba da rahoton cewa irin waɗannan manhajoji sun fi kuskure a kan masu duhun fata. Gaskiya ne ba ainihin manhajar kamfanonin aka gwada ba, domin su ba sa bari a leƙa musu ciki, amma wannan ɓoyewar ma ai abin dubawa ce ga ƙasar da kowa baƙi ne kuma yara sun cika titi.

Akwai kuma maganar wuta. A watan Disambar 2025 lantarki ya ɗauke a wani babban yanki na San Francisco, danjoji suka mutu, motocin Waymo suka yi cirko-cirko a mararraba har kamfanin ya dakatar da aiki na wani lokaci. Abin da ya zama labarin duniya a can, mu nan dumsor muke ce masa, mun kuma shekara da shekaru muna ratsa mararraba da danja a mace.

Masu bincike na cibiyar RAND sun yi wani lissafi a 2016 wanda har gobe yake da amfani. Sun ce kafin a iya tabbatarwa da alƙaluma cewa motar ba ta fi ɗan Adam kisa ba, sai ta yi tafiyar mil miliyan 275 ba tare da ta kashe kowa ba. Wannan a hanyoyin Amurka ke nan. Shaidar da aka tara a titunan Phoenix masu faɗi da fenti ba za ta zama shaida a kan hanyar Buipe ko Walewale ba, inda tirela kan mace a kwana cikin duhu, alamarta kawai ganyen da aka zuba a kwalta.

Ni a ganina, abin takaicin ba ya ga rashin motar zamani. Yana ga yadda muka yi watsi da binciken da 'ya'yanmu suka yi a nan gida. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta BRRI da ke Fumesua kusa da Kumasi ta daɗe tana tattara bayanan haɗurra daga takardun 'yan sanda, tana fitar da wuraren da suka fi cin rai. Ɗaya daga cikinsu shi ne mararrabar Suhum a kan hanyar Akra zuwa Kumasi. Aka jera ƙananan kunyoyi a kan kwalta, irin waɗanda ke girgiza mota su tilasta wa direba ɗaga ƙafa. Binciken Francis Afukaar na wannan cibiya ya nuna cewa tsakanin Janairun 2000 da Afrilun 2001 haɗurra sun ragu da kimanin kashi 35 cikin 100 a wurin, mace-mace suka ragu da kashi 55, munanan raunuka kuma da kashi 76. Aikin bai ci fiye da dala 21,000 ba, kuɗin da ba zai sayi ko mota guda daga cikin na Waymo ba. Har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan misali a babban rahotonta na 2004 don sauran ƙasashe su koya. Dalilin nasarar kuwa a fili yake: hukumar ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 na gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi 4, kuma wanda mota ta buge tana gudun kilomita 65 ya fi wanda aka buge a gudun 50 kusantar mutuwa har ninki huɗu da rabi.

Haka nan a yankin Kumasi, wajen shekarar 2000, likitoci sun koya wa direbobin haya sama da 300 taimakon farko, wato yadda ake tsayar da jini da buɗe hanyar numfashi da ɗaukar mai karaya, saboda sun lura cewa direban tasi da na torotoro su ne ke kai mafi yawan masu rauni asibiti. Bibiyar da aka yi daga baya ta nuna sun yi amfani da abin da suka koya. Ga tambaya ga masu sha'awar motar da ba ta da direba: idan ta yi haɗari a dajin Kintampo da ƙarfe biyu na dare, wa zai fito ya ɗaure wa mai rauni ƙafa?

Dokoki ma muna da su. Dokar hanya ta 2012, wadda aka fi sani da L.I. 2180, ta hana direban haya tuƙi fiye da awa huɗu a jere ba hutu, ko fiye da awa takwas a yini guda. Daga Akra zuwa Paga wajen kilomita 800 ne. Mai karatu ya tambayi kansa sau nawa ya ga an canza direba a hanya. Kuɗin janye matattun motoci da aka so fara karɓa a watan Yulin 2017, jama'a suka yi ca a kansa har gwamnati ta janye, wataƙila da gaskiyarsu game da yadda aka tsara kwangilar, amma dai tirelolin na nan kwance a kwana. A Adenta kuwa, sai da mota ta kashe wata ɗalibar sakandare a watan Nuwambar 2018, mutanen unguwa suka tare hanya suka ƙona tayoyi, sa'annan aka koma kan gadojin tsallakawa guda shida da aka yi watsi da su shekara da shekaru.

A nan dole in faɗa wa 'yan'uwana 'yan kasuwa wata gaskiya mai ɗaci, ko da za a ƙi saurarona gobe. Wani kaso na gudun da direba ke yi, daga aljihunmu yake fitowa. Mai tumatir na son ya riga kowa shiga kasuwa kafin farashi ya faɗi, mai albasar da ta taso daga Galmi na tsoron ta ruɓe kafin ta isa Adjen Kotoku, sai a yi wa direba alkawarin ƙarin wani abu in ya iso kafin asuba. Ana cika mota fiye da ƙima don a rage kuɗin buhu, sa'annan a ɗora yara a saman kaya. Direban da ya ce zai tsaya ya runtsa a Techiman, shi ne ake cewa rago, ba a sake ba shi lodi. Tirelar Texas ba ta barci, gaskiya ne, amma kuma ba mai iya kiranta a waya ya ce ta ƙara wuta.

Sa'annan kada wani ya ɗauka cewa wannan fasaha tana can nesa. Rabinta ya riga ya iso tashar jiragen ruwa ta Tema da ta Lome da ta Kwatano, a cikin motocin hannu da ake saukewa kullum, waɗanda wasunsu ke wucewa Burkina Faso da Nijar da Mali. Motocin Amurka da Turai na 'yan shekarun nan suna zuwa da birki mai kama kansa, da na'urar da ke riƙe mota a layinta, da mai auna tazara tsakaninta da ta gaba. Tarayyar Turai ta wajabta irin wannan birki a kan sababbin motoci tun daga Yulin 2024, Amurka kuma ta yi dokar wajabta shi a Afrilun 2024. Cibiyar binciken kamfanonin inshora ta Amurka ta ce birkin yana rage bugun mota ta baya da kusan rabi, amma a bincikenta na 2022 ta tarar bai yi wa masu tafiya a ƙasa wani amfani ba a titin da babu fitila da dare, wato dai irin titunanmu. Matsalar ita ce, da yawa daga cikin motocin da ke zuwa mana masu haɗari ne da aka saya a gwanjo. Radar tana bayan bamba, kyamarar na manne da gilashin gaba, wato daidai wuraren da suka fashe. Idan an canza su da kayan Abossey Okai ko na Suame Magazine, dole ne a sake saita idon motar da na'ura ta musamman, in ba haka ba za ta riƙa kallon gefe tana zaton gaba ne. Makanikanmu gwanaye ne, ba mai musu, amma wanda ba shi da na'urar abin da zai yi shi ne ya kashe fitilar gargaɗin da ke kan allo, mai mota ya biya ya tafi yana murna. Majalisa ta yi doka a 2020 don hana shigo da motocin da suka yi mummunan haɗari, dillalai suka yi kuka, aka ɗage aiwatar da ita. Ko a Amurkar ma, a Disambar 2023 sai da kamfanin Tesla ya yi wa motoci kimanin miliyan biyu gyara, saboda direbobi na sakar wa na'urar tuƙi suna shagala. Duk wanda zai sayi irin wannan mota a Tema ko Lome, ya tambayi dillali ko an taɓa gabanta, ya kuma nemi a saita masa na'urorin kafin ya hau babbar hanya.

Saura maganar alhaki, wadda ita ce ɗan kasuwa zai fi ganewa, tunda shi ya san zafin kayan da suka zube ba mai biya. A shari'ar Tempe, ba a gurfanar da Uber da laifin kisa ba, ma'aikaciyar da ke zaune a motar ce ta amsa laifi a 2023. A San Francisco, ranar 2 ga Oktoban 2023, wata mota mai direba ta buge wata mata ta jefa ta gaban tasi marar direba na kamfanin Cruise, shi kuma ya ja ta a ƙasa kusan mita shida yana ƙoƙarin fakawa. Hukuma ta ƙwace lasisin kamfanin a cikin watan, ta kuma zarge shi da ɓoye wani ɓangare na abin da ya faru, a Disambar 2024 kuma General Motors ya daina zuba kuɗi a harkar. Ingila ta yi doka a 2024 wadda ta ɗora alhakin tuƙin a kan kamfani muddin motar ce ke tuƙa kanta. Mu kuwa dokokinmu da inshorarmu, har da katin inshorar ECOWAS da aka kafa a 1982 wanda direba ke nunawa a Aflao, duk an gina su ne a kan cewa akwai mutum mai suna da lasisi a bayan sitiyari. Idan motar da aka sayo gwanjo ta kama birki da kanta a kan babbar hanyar Tema, na baya ya afka mata, wa za a kama? Mai motar, ko makanikin, ko kamfanin da ke Amurka wanda bai ma san motar na raye ba?

Ba wai Ghana na gudun sabon abu ba ne. A watan Afrilun 2019 jiragen Zipline marasa matuƙi suka fara kai jini da magani asibitoci daga Omenako, dab da Suhum ɗin nan da muka ambata. Sai dai sama ba ta da okada. Kuma ƙasar da ta iya sauya hannun tuƙi daga hagu zuwa dama a rana guda, 4 ga Agustan 1974, bayan an yi watanni ana wayar da kan jama'a a rediyo, ba za a ce ba ta iya gyara halin hanya ba idan ta sa kanta.

Inda ya kamata ƙungiyoyin 'yan kasuwa su sa ido yanzu shi ne babbar hanyar Abidjan zuwa Legas da ECOWAS da Bankin Raya Afirka ke shiryawa, mai tsawon kilomita 1,028 da layi shida, wadda za ta ratsa ƙasashe biyar. In har wata rana tirela marar direba za ta taka ƙasar Afirka ta Yamma, a irin wannan hanya za ta fara. Amma tun kafin wannan rana, motoci masu direba za su riƙa gudu a kanta fiye da yadda suke yi yau, kamar yadda mutanen Lapaz suka gani bayan an buɗe hanyar N1 a 2012, aka raba unguwa biyu da kwalta mai faɗi, masu tsallakawa suka yi ta mutuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shugabannin kasuwannin Aflao da Elubo su nemi a nuna musu zanen tun yana kan takarda, su tambayi inda mai tura baro da mai ɗauke da kaya a ka za su tsallaka, da inda direban da ya taso daga Tema zai faka ya yi barci.